Zaman masu son barin giya: wanne ya dace da kai?

Kafin a zo ga zaɓen zama, wato taron da masu son barin giya kan yi don taimakon juna, akwai maganar da ta riga shi. Idan ka daɗe kana shan giya kullum, har hannunka kan yi rawa da safe sai ka kurɓa ya tsaya, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai. Jikin da ya saba yakan fara nuna alamu cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, wasu kuma a kwana na biyu ko na uku su shiga ruɗewa da gane-gane, abin da kan kai ga rasa rai. Wannan aikin likita ne, kuma magungunan da yake rubutawa don kada mutum ya koma sha, irin su naltrexone da acamprosate, ba sa hana mutum zuwa zama.

Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Alcoholics Anonymous, wato AA. Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, dukansu mashaya ne da suka lura cewa idan ɗaya ya zauna yana ba ɗaya labarin halin da yake ciki, ƙishin giyar yakan lafa. Sharaɗin shiga ɗaya ne, a ce kana son dainawa. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sunanka na farko kawai ake sani. Zaman iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zuwa har da matarka ko ɗan'uwanka, da rufaffe na masu matsalar kaɗai. A ganina, babban abin da AA ta fi sauran shi ne majiɓinci, wani da ya riga ka dainawa, wanda za ka kira da tsakar dare idan zuciya ta fara raya maka. A 2020 masu bincike na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, suka tattara nazari 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka ga cewa AA da tsarin jinyar da ke kai mutum gare ta sun yi daidai da sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma sun fi su, wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya.

Amma fa ba kowa take yi wa daɗi ba. Matakai 12 da take bi wajen dainawa sun fara ne da amincewa cewa giya ta fi ƙarfinka, sannan ka miƙa lamarinka ga Ubangiji yadda ka fahimce Shi. Wani wannan ne ke sanyaya masa zuciya. Wani kuma addu'o'in da ake rufe wasu zaman da su ba su dace da aƙidarsa ba. Saboda haka aka samu Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 suka ɗora matakan kan koyarwar Musulunci, da Celebrate Recovery ta Kirista da aka fara a 1991.

Wanda kuwa yake son a koya masa dabara a aikace, ya duba SMART Recovery, da aka kafa a 1994. Ba a kiran kowa mashayi a can, ba majiɓinci, ba addu'a. Akwai jagora da aka horar, ana tattaunawa kai tsaye kan yadda za ka jure ƙishin idan ya taso har ya wuce, da yadda za ka kama tunanin nan na "ai kofi ɗaya ba komai" tun bai kai ka ga kwalba ba. Rauninta shi ne zamanta ba su da yawa kamar na AA. Mata kuma suna da Women for Sobriety tun 1975, iyalan mashayi suna da Al-Anon tun 1951.

Saura zaɓi tsakanin zuwa da ƙafa da shiga ta intanet. Na intanet yana rufa asiri, kana iya kashe kyamara ka saurara kawai, kuma akwai zama kusan kowace awa. Manhajar Meeting Guide ta AA da shafukan ƙungiyoyin nan suna nuna lokaci da wuri. Sai dai wanda ya zo da ƙafarsa, idan bai zo mako mai zuwa ba, za a nemi ba'asi, kuma wannan neman yana ceton mutane. In da hali a haɗa biyun.

Kada ka yanke wa ƙungiya hukunci da zama ɗaya, don zama biyu masu suna ɗaya kan bambanta sosai. Je wurare daban-daban, ka lura ko ana barin sabon zuwa ya yi shiru in ya ga dama, ko maganar da aka yi a ɗakin tana tsayawa a ɗakin, da yadda ake karɓar wanda ya koma sha ya dawo. Duk zaman da wani ya ce ka ajiye maganin da likita ya ba ka, ko ya nemi kuɗi a hannunka, ko ya matsa maka da neman soyayya kana sabon zuwa, ka bar shi ka nemi wani a makon nan.