Littafi ko tambayoyin gwaji: shirin jarrabawar PANCE

Wanda ya gama karatun mataimakin likita a Amurka sai ya ci jarrabawar PANCE ta NCCPA, hukumar da ke tantance mataimakan likita, kafin ya samu lasisin aiki. Tambaya 300 ce, kashi 5, kowane kashi tambaya 60 cikin minti 60. Ke nan minti ɗaya kacal ga kowace tambaya. Makin ci 350 ne, a ma'aunin maki na hukumar, ba yawan tambayoyin da mutum ya amsa daidai ba.

Wasu littafi suke runguma, su bi shi babi-babi: zuciya, huhu, ciki, ƙoda. Yana gina tushe. Illarsa, ido kan saba da shafi har mutum ya ɗauka ya iya, alhali rubutun kawai ya gane.

Wasu kuma rumbun tambayoyi suke saya, irin su UWorld ko Blueprint (wanda a da ake kira Rosh Review), kuma ni nan na fi karkata. Za a kawo maka dattijo mai shekara 65, ƙafafu a kumbure, ba ya iya barci sai ya tara matashin kai uku, a ce wane gwaji za ka fara yi masa. Ga agogo na tafiya a gefen kwamfuta. Idan ka kuskure, bayanin da ke ƙasa zai nuna maka inda tunaninka ya kauce, kuma kuskuren da ya ɓata maka rai ba ya saurin fita daga kai. Sai dai kuɗinsa da nauyi, kuma mai raunin tushe lalube zai yi ta yi cikin duhu. Irin wannan gara ya ba littafi mako biyu ko uku tukuna, sannan ya koma tambayoyi, 60 a zama ɗaya.