Gidan Tarihin Rijiyar Drake da Kangon Garin Pithole

Gidan tarihin Drake Well yana bakin rafin Oil Creek, a gundumar Venango ta jihar Pensilbaniya a Amurka, dab da garin Titusville, daidai inda Edwin Drake da maƙerin da ya ɗauka aiki, William Smith, suka cim ma ɗanyen mai ranar 27 ga Agusta, 1859, a zurfin ƙafa 69 da rabi. An sake gina rumfar katakon da ta rufe rijiyar, kuma a cikinta injin tururi yana huci, sandar famfo tana hawa tana sauka, mai yana tsiyaya cikin ganga. Na daɗe tsaye a wurin, domin ƙanƙantar rumfar ta ba ni mamaki idan aka auna ta da abin da ta haifar a duniya, wato masana'antar haƙar mai ta zamani.

Sai dai a ganina, wanda ya tsaya nan ya juya gida, rabin labari ya ji. Sauran rabin yana Pithole, tafiyar 'yan mil kaɗan, wanda shi ma gidan tarihin ke kula da shi. A watan Janairun 1865 aka sami mai a gonar Holmden, kuma kafin shekarar ta ƙare mutane kimanin 15,000 sun taru, sun yanka tituna, sun gina otal-otal fiye da hamsin da majami'u, sun kafa jarida mai fitowa kullum, har gidan wayarsu ya zama na uku wajen yawan aiki a duk faɗin jihar. A nan ne wani ɗan kasuwar mai, Samuel Van Syckel, ya shimfiɗa bututun mai na kimanin mil biyar zuwa tashar jirgin ƙasa, masu keken doki da ke dakon ganguna kuwa, da suka ga abincinsu zai yanke, suka riƙa fasa shi cikin dare.

Yau babu gini ko ɗaya na wancan zamani. Abin da mai ziyara zai tarar shi ne gangaren tudu da aka aske ciyawarsa bisa layin tsofaffin tituna, da alluna masu sunayensu, da ramukan ginshiƙan gidaje waɗanda itatuwa suka tsiro a ciki. Saboda haka ina ba da shawarar a fara duba ƙaramin samfurin garin da ke ɗakin baƙi kafin a sauka, in ba haka ba mutum zai ga fili ne kawai, kuma a sa takalmi mai ƙwari domin hawowa akwai ɗan wahala.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne cewa waɗannan mutane ba sansani suka yi nufi ba, gari suka kafa da hukumarsa da dokokinsa. Da rijiyoyi suka ƙafe, gobara kuma ta yi ta cin gidajen katako, jama'a suka watse, aka soke matsayin garin a 1877, sannan a 1879 gundumar ta sayi filin kan dala 4 da santi 37.