Zaman ido da ido don barin tramol da caca: amfaninsa da inda yake gazawa

Yawancin masu matsalar ƙwaya a Maradi ba da ƙafarsu suke zuwa asibiti ba. Uba ko wa ko kawu ne ke riƙo hannun yaro, ya ce: "Likita, a yi masa allurar wanke jini." Babu irin wannan allura. Ƙarin ruwa na taimakon wanda amai da zawo suka galabaitar, amma ba ya cire ƙishin ƙwaya. Abin da ke aiki shi ne zaman mutum biyu a ɗaki, mai matsala da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, na kamar wata uku. A ganinmu hidima ce da ta cancanci kuɗi da lokaci, da sharaɗin a yi ta bisa tsari. In ba haka ba, nasiha ce kawai, nasiha kuwa yaron ya sha ta a gida har ta gundure shi.

Daga zaman farko ake gane ko an faɗa hannu na gari. Ƙwararre zai roƙi dangi su jira a waje, ya gaya wa yaron cewa maganarsu amana ce, sai fa in rai na cikin haɗari. Sannan ya yi tambaya dalla-dalla: me kake sha, guda nawa a rana, mai lamba nawa, da ƙarfe nawa kake jefa ta farko, ka taɓa faɗuwa kana shure-shure? Hukumar Lafiya ta Duniya na da takardar tambayoyi takwas mai suna ASSIST don wannan aiki. A kan ƙwayoyi, maki 4 zuwa 26 haɗari ne matsakaici, 27 zuwa sama kuma alama ce mutum ya kamu sosai. Ma'aikacin da ya buɗe da "ba ka jin kunyar iyayenka?" ya rufe bakin yaron ke nan, mako mai zuwa ma ba zai gan shi ba.

Lambar ƙwaya na da muhimmanci ƙwarai. Tramol na asibiti yawanci miligiram 50 ne, kuma iyakar abin da likita ke rubutawa 400 ne a yini. Na masu tebur da na bayan tasha kuwa akwai mai 120, mai 200, har mai 225. Ɗan kabu-kabun da ke haɗiye uku masu 225 da shayin safe ya zarce iyaka tun bai ɗauki fasinja na farko ba. Daga nan ne faɗuwa irin ta farfaɗiya ke zuwa, wadda a gida ake ɗora wa iskoki.

Wannan ya kawo mu babban raunin hidimar: magana kaɗai ba ta riƙe jiki. Wanda ya daɗe kan tramol in ya yanke, cikin yini guda zai fara hamma, zufa, yoyon hanci, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa bayan kamar mako. Wasu kuma kan samu firgita da ruɗewa, domin tramol na taɓa sinadaran da magungunan baƙin ciki ke taɓawa. Shi ya sa haɗa shi da irin waɗannan magunguna, kamar amitriptyline ko fluoxetine, ba tare da likita ya san gaskiyar abin da ake sha ba ke da haɗari. Diazepam (ƙwayar barci da kwantar da hankali) da giya sun fi muni: yanke su farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya, ta giya har da ruɗewa mai kisa a kwana na biyu zuwa na uku. Diazepam ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Saboda haka duk wurin da ke ba da zama alhali ba shi da likita ko majo mai rubuta ordonas, ko hanyar tura mutum gare su, rabin aiki yake sayarwa. Ku tambayi wannan tun kafin ku biya kuɗin kati.

Inda zaman ke nuna darajarsa shi ne makonnin da ke biyo baya. Dabara ta farko William Miller, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya fito da ita a 1983, daga baya suka faɗaɗa ta da Stephen Rollnick: ba a gardama da mai shaye-shaye, ana jan sa ne har dalilin bari ya fito daga bakinsa. "Daga sifili zuwa goma, a ina niyyarka take?" In ya ce huɗu, ba a ce masa ya yi kaɗan. Sai a ce: "Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" Nan zai soma kawo zancen mahaifiyarsa, ko auren da aka fasa, ko babur ɗin mai gida da ya kayar. A kan sa shi ya yi lissafi da kansa: jika ɗaya da rabi kullum a kan ƙwaya, jika 45 ke nan a wata.

Dabara ta biyu aikin takarda ce, kuma ita muka fi yabawa. Kowane mako mutum zai kawo bayanin lokutan da ƙishin ya taso: ina yake, da wa, me ya faru kafin nan, me ya ce wa ransa. Wanda bai iya rubutu ba sai ya naɗi murya a salula. Bayan mako biyu ko uku hoton kan fito fili: fadar dare bayan isha'i, ranar kasuwa, lodin albasa ko buhun gujiya, faɗa da mata. Ga kowanne sai a shirya abin yi. A canja hanyar da ke bi ta gaban mai tebur. A goge lambarsa. A maimaita kalmar ƙi da baki a cikin ɗakin, ma'aikaci na kwaikwayon abokin da ke miƙo ƙwaya, har harshe ya saba. Ana kuma koya masa cewa ƙishin kan hau ya sauka, galibi cikin rabin awa, in bai ciyar da shi ba. Alwala, wanka, tafiya, kiran wani amintacce, duk don a cinye wannan rabin awa ne.

Caca ma haka ake bi da ita, ko ta dawaki ce ko ta ƙwallo a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta, tare da jarabar wasan bidiyo, cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. A nan babu zawo ko zufa, akwai bashi da ƙarya da fatan "in na ci sau ɗaya zan mayar." Zama mai kyau kan fara da kuɗi: a rubuta basussuka duka, a cire manhajar, a rufe asusun, a damƙa riƙon kuɗi ga wani na gida na ɗan lokaci. Dole kuma a tambayi mutum kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, domin bashin caca na kai wasu can.

Gwajin fitsari na da amfani in an yi shi da yarda, ba a matsayin tarko ba. A dai sani: tsinken da ke gano hodar heroin da kodin ba ya kama tramol, sai an sa nasa na musamman. Wiwi kuma kan iya bayyana har wata guda bayan bari ga wanda ya daɗe yana busawa, don haka kada a yi saurin ƙaryata yaro.

Abin da ya fi kashe hidimar a garin nan yankewa ne. Mutum ya zo sau uku, ya ji sauƙi, damina ta faɗi ko tafiyar Katsina ta taso, shi ke nan. Sunan sashen masu taɓin hankali ma na korar mutane, musamman mata, waɗanda tun asali a ɓoye suke shan nasu. Ma'aikaci nagari kan ba da randebu a rubuce, ya kira in an yi fashi, ya gayyato uba ko mata zama ɗaya ko biyu da yardar mai matsalar. Bai kuma hana a je wurin malam. Tofi da addu'a ba sa karo da zaman, ɗaure mutum da mari ne ke karo da shi.

Komawa ruwa na faruwa ga mutum huɗu zuwa shida cikin goma, don haka a kan shirya mata tun kafin ta zo. Jikin da ya yi wata biyu babu ƙwaya ya manta da ita, adadin da mutum ke sha a da yanzu na iya tsayar masa da numfashi. In aka same shi ba ya farkawa, numfashi sama-sama, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a garzaya asibiti tare da kwalin abin da ya sha.