Prospekt 2: na'urar musanya ruwan narki tsakanin HPLC da NMR

Ga masu bincike a Abuja da ke son gano sinadaran sabara ko marke ba tare da sun tace buhun ganye ba, Prospekt 2 ta kamfanin Spark Holland, wadda kamfanin Bruker ya haɗa da na'urorinsa, ta ci kuɗinta.

Abin da ke fitowa daga HPLC, wato na'urar rarrabe sinadarai, yana tafe ne cikin ruwa da asitonaitiril, haidirojin ɗinsu kuwa yana danne siginar sinadarin a NMR, na'urar da ke bayyana tsarin ginin sinadari. Prospekt 2 sai ta kama sinadarin a ƙaramin katirij mai tsawon milimita 10 da faɗin milimita 2, ta busar da shi da iskar naitirojin, ta wanko shi da asitonaitiril ko mitanol mai diyutiriyam, wato haidirojin mai nauyi da ba ya danne siginar. Katirij 192 take ɗauka a faranti biyu. Babban alfanunta shi ne tara sinadari ɗaya a katirij guda daga zubin samfur da yawa a HPLC, har ya ishi gwajin NMR mai fuska biyu irin HMBC, mai nuna yadda haidirojin da kabon suke haɗe.

Wajen ƙarin ruwa ne aiki ya fi lalacewa. Dole famfo na biyu ya tsarma abin da ya fito da tsabtataccen ruwa, ninki biyu zuwa uku, kafin ya isa katirij. In an yi rowar ruwa, asitonaitiril zai wuce da sinadarin, a buɗe NMR a tarar da wayam. Sinadarai masu son ruwa, irin tanin da ya cika ɓawon marke, ba sa kamuwa sosai a katirij C18, mai kama sinadaran da ba sa son ruwa. Gara a fara da katirij irin HySphere Resin GP. A guji gishirin fosfet, a sa asid ɗin fomik kashi 0.1 cikin ɗari a ruwan narkin HPLC.

Busarwa kuma ba ta son gaggawa. A ba kowane katirij aƙalla minti 30, in ba haka ba siginar ruwa za ta miƙe a wajen 2.1 ppm a ma'aunin NMR cikin asitonaitiril, ta rufe na kusa da ita. Da damina a toshe kwalbar ruwan narki mai diyutiriyam nan take, domin tana zuƙar laima.

Rauninta a nan garin shi ne cin naitirojin. Silinda ba ta daɗewa, injin samar da iskar ya fi araha a ƙarshe. Kada kuma a kunna ta sai da UPS (batirin riƙe wuta) da janareta, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar tarawa, zubin ya tafi a banza.