Mitar sauti a bututu: mai auna lokaci ko Dofla?

Alhaji, ka ce kana da masana'antar ruwan leda a Gombe da injin ban-ruwa a gonarka ta Dadin Kowa, kuma kana neman mitar auna gudun ruwa da ake ɗaurawa a jikin bututu ba sai an yanka shi ba, amma ka tarar iri biyu ce: mai auna lokaci da Dofla. Kafin ka dubi farashi, fara duba ruwan da zai bi ta ciki.

Mai auna lokaci kawuna biyu gare ta. Ɗaya na tura sauti ya bi ruwa, ɗaya na turo shi ya saɓa wa gudun ruwa. Wanda ya bi ruwa ya riga isa, tazarar lokacin da ke tsakaninsu kuma ita ce ke nuna saurin gudun. Sauti a cikin ruwa yana cin kusan mita 1,480 a daƙiƙa, ka ga tazarar 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa take son ruwa garau. Laka ko kumfa in sun yi yawa, sai sautin ya ɓace. In an ɗaura ta daidai, kuskurenta bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Ruwan burtsatsen masana'antarka nata ne, ko shakka ba na yi.

Dofla kuwa ƙazantar take nema. Sautin yana dukan yashi ko kumfa ya dawo, ta karanta canjin da ya yi. A ruwa mai tsabta makauniya ce, kuskurenta kuma kan kai kashi 5.

Gonar ce ke buƙatar natsuwa. Da damina kogin Gongola jajir yake, Dofla za ta ji daɗi. Da rani, lokacin da kake ban-ruwan, ruwan da ya kwanta a madatsa yakan washe. Ni dai ba zan biya ba sai mai sayarwa ya gwada mitar a bututuna cikin watan Maris.

Ko wacce ka ɗauka, bututun ya zama cike, a kankare tsatsa, a shafa man da ke zuwa da ita, a ɗaura a gefe don iska sama take taruwa. A bar miƙaƙƙen bututu ninki 10 na faɗinsa kafin mitar, ninki 5 bayanta: na inci 4 ke nan inci 40 da inci 20. In kusa da bakin injin ne, a ƙara nisa sosai.