Manhajar PhET kan tsagewar uraniyom: me take koyarwa, me ta bari wa malami

Malaman fizik na lise a Damagaram sun san matsalar darasin nukiliya a ajin terminal. Ba a iya kawo uraniyom cikin aji, alli kuma ba ya motsi. Manhajar Nuclear Fission ta PhET, shirin Jami'ar Kolorado da ke Amurka wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma ta toshe rabin wannan giɓi. Rabi kawai.

Shafuka uku ne. A na farko ana harba nutron ɗaya kan cibiyar uraniyom 235, wato tsakiyar ƙwayar zarrarsa, sai ta yi ta rawa tana miƙewa har ta tsage biyu, nutron na fita. Zanen da ke ƙasa yana nuna yadda nutron ɗin ya ɗaga ƙarfin cibiyar har ya haye shingen da ke riƙe ta. A nan malami zai tsaya ya rubuta a allo: kowace tsagewa tana sakin kimanin 200 MeV (ma'aunin ƙarfi a fizik ɗin nukiliya), domin in an auna gutsattsarin sun fi uwar sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin dubu, kuma wannan ɗan nauyin da ya ɓace shi ne ya koma ƙarfi bisa E = mc².

Shafi na biyu shi ne ya cancanci wahalar saukewa. Ana ƙara ko rage yawan 235 da 238, nau'o'in uraniyom biyu, da hannu. A zuba 235 guda 100 ba 238 ko ɗaya, a harba: cikin ƙiftawar ido komai ya tarwatse. A juya lissafin, 235 ɗaya tak cikin 238 masu yawa, sai nutron ɗin ya faɗa bakin 238, ta haɗiye shi ta zama 239, wutar ta mutu nan take. Wannan shi ne hoton abin da ake haƙowa a Arlit, inda 235 bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, shi ya sa yawancin tashoshin lantarki sai an tace musu shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Ɗalibin da ya ja maɓallan da kansa ba ya sake tambayar me ya sa garin uraniyom da ke fita daga arewa ba ya fashewa a cikin ganga.

Na uku tukunyar tashar ce, da sandunan da ke shanye nutron. A zaro su zafi ya hau, a tura su ya sauka. Amma manhajar ta yi shiru kan abu biyu. Ba ta nuna ruwa ko garafit ɗin da ke rage wa nutron gudu, alhali 235 ya fi kama mai tafiya a hankali nesa ba kusa ba. Ba ta kuma bayyana nutron masu jinkirin fitowa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, waɗanda ba don su ba babu sandar da za ta iya cim ma tsagewar.

Haɗewar cibiyoyi kuwa babu ita sam. Dole a koma allo: diteriyom da tiritiyom, nau'o'in hidrojen biyu masu nauyi, su haɗu su ba da heliyom da nutron da 17.6 MeV. Ƴan aji za su ce ai 200 ta fi 17.6. A sa su raba ƙarfin da yawan proton da nutron da ke ciki: 200 bisa 236 (235 da nutron ɗin da aka harba) ya ba da kusan 0.85, 17.6 bisa 5 (2 na diteriyom da 3 na tiritiyom) ya ba da 3.5. Cibiyoyin da za su haɗu suna ture juna saboda cajinsu iri ɗaya ne, don haka tsakiyar rana ke aiki a digiri miliyan 15 da matsi mai tsanani, injin gwajin haɗewa na ITER da ake ginawa a Faransa kuwa, da yake ba shi da wannan matsin, yana neman miliyan 150.

Manhajar tsohuwa ce, da Java aka gina ta, ba ta dace da ƙaramar waya ba. A sauke fayil ɗinta a kwamfuta mai Java tun ana da intanet, a kwafa a kile, a caja batir kafin kuran ya ɗauke. Awa ɗaya ta isa shafi na farko da na biyu, in an raba yara uku uku.