Tsaron situdiyo: ƙofa, kyamara ko maigadi, wanne za ka fara saya?

Ɗakin ɗaukar waƙa yana da wani rauni da shagon tela ba shi da shi. An lulluɓe bangonsa da soso da katako don kada sauti ya fita, saboda haka ɓarawon da ya samu shiga cikin dare zai yi ta ɓalle-ɓallensa maƙwabci bai ji ko tari ba. Ga kayan ba nauyi sai tsada: makirfo, sawun kad (na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta) irin Focusrite, laftop, hadis (hard disk, ma'ajiyar aikin kwamfuta). In ka cire fiyanon Yamaha da sifiku, jakar goyo ɗaya ta kwashe sauran. Duk mai situdiyo, a Titin Gidan Zoo na Kano yake ko a Kaduna ko Jos, kuɗin tsaronsa ba sa isa komai lokaci guda, dole ya zaɓi abin da zai fara da shi.

Yawancin mutane kyamara suke fara nema, ni kuwa ƙofa nake cewa a fara da ita. Kyamara shaida ce bayan an yi ɓarna, ƙofa ita ke cinye wa ɓarawo lokaci. Tsakanin ƙofar ƙarfe ta kanti da wadda mai walda zai haɗa maka, ta mai walda ta fi in ka tsaya a kansa ya sa faranti mai kauri, ya mayar da hinjis ta ciki, ya dasa firam ɗin cikin kankare. Ta kanti mai araha kyan gani ne da ita, amma ƙarfenta siriri ne. Wajen kwaɗo, nemi wanda wuyansa ke ɓoye, ko a yi masa akwatin ƙarfe ta yadda almakashin yanka rodi ba zai kama shi ba. Abus da Yale da Mul-T-Lock sunaye ne sanannu, sai dai jabunsu ya yi yawa a kasuwa, kuma arhar banza ita ce alamar farko. Kada a manta da sama: ginin da shaguna ke jere ƙarƙashin kwano ɗaya, ta silin ake tsallakowa daga shagon maƙwabci. Ragar rodi a saman silin ta fi kwaɗo na biyu amfani. Abu ɗaya dai, soson bango yana cin wuta da sauri, don haka ƙofar ta zama mai buɗuwa ta ciki ba tare da neman mukulli ba.

Kyamara iri biyu ce a gabanka. Akwai mai waya da ke haɗe da akwatin ajiyar hoto, irin na Hikvision da Dahua. Hotonta ya fi tsabta, tana ajiye na kwanaki da yawa, amma da an ɗauke wuta ta mutu in ba a kan inbata take ba, kuma ɓarawon da ya san aikinsa da akwatin yake tafiya. In ita ka zaɓa, ɓoye akwatin a wani wuri daban da teburin aiki. Ta biyun ita ce mai batir ko sola da ake sa wa layin waya, tana turo maka sanarwa da zarar ta ga motsi. Tana cin data, kuma rashin sabis na iya jinkirta saƙon, amma ga wanda ba shi da tsayayyiyar wuta ta fi dacewa. Kowacce ka saya, ɗaya ta kalli ƙofa daidai tsayin fuska. Wadda aka maƙala can ƙololuwa hula kawai take ɗauka.

Maigadin haɗin gwiwa da maƙwabta ya fi na kai kaɗai sauƙi, kuma shi ke ba ƙararrawa amfani, don jiniyar da ba mai fitowa in ta yi kuka ɓata batir ce.

Duk wannan na dare ne. Satar da ta fi ciwo da rana ake yin ta, lokacin da mawaƙi ya zo da 'yan rakiya biyar, ɗaki ya cika, ana shiga ana fita. Maganinta ba tsada: kabad ɗin ƙarfe mai mukulli da aka ɗaure da bango don makirfo da hedifon, igiyar Kensington, wato wayar ƙarfe mai kulle, ga laftop mai ramin ta, da dokar cewa 'yan rakiya su zauna a waje. Na'urar bibiya irin AirTag, wadda Apple ya fitar a 2021, ta dogara ne da wayoyin iPhone da ke kusa, don haka a unguwar da Android ta fi yawa kada ka sa rai da yawa.

Inshora, ko takaful (inshorar Musulunci) ga mai gudun kuɗin ruwa, tana biya ne in kana da rasit da lambar jikin kowane kaya, kuma galibi sharaɗin sata shi ne a ga alamar fasa wuri. Makirfon da baƙo ya zura a aljihu ba lallai ya shiga ciki ba, sai ka tambaya kafin ka sa hannu. Ɗauki hoton lambobin nan yau ka tura wa kanka ta imel, ko wajen 'yan sanda su za a fara tambayarka.

Waƙoƙin mutane da ke cikin kwamfuta kuwa ba kamfanin da zai biya su. Sayi hadis na biyu, ka riƙa kwafe aikin ranar kafin ka rufe, ka tafi da shi gida. Ma'ajiyar intanet ta Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki waƙoƙin da aka kammala ko da bai isa ɗanyen aiki ba.